Kangon Kasuwar Taminus: Tambayoyin da ke jiran amsa kafin a sake aza harsashi a Jos

A ƙarshen watan Afrilun 2025, cikin dare, gobara ta tashi a Taminus, tsakiyar birnin Jos. Kafin gari ya waye ta lashe ɗaruruwan shaguna da rumfunan da ’yan kasuwa suka kakkafa a gefen tsohon ginin babbar kasuwa, ciki har da na masu sayar da gwanjon tufafi da takalma. Da safe masu kaya suka tsaya a kan toka suna ƙirga asara, ga kuma ginshiƙan kankare baƙi ƙirin sun yi tsaye a bayansu. Waɗannan ginshiƙai su ne ragowar wata gobarar da ta girmi da yawa daga cikin samarin da ke ɗaukar dako a wurin.

Sama da shekara 20 ke nan Babbar Kasuwar Jos tana kango. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowacce da nata alƙawarin, an zana taswirori, an kira masu zuba jari, har nakiya an sa an rushe wani ɓangare, amma ba a sake buɗe ko shago ɗaya a cikinta ba. A tsawon wannan jira, ita kanta sana’ar gini ta sauya kama. Yadda ake auna lafiyar tsohon kankare, da yadda ake zana gini, da yadda ake tsare shi daga wuta, duk sun yi nisa da inda suke a ranar da aka buɗe kasuwar. Saboda haka duk wanda takardar sake gina Taminus za ta bi ta teburinsa, a Jos yake ko a Abuja, akwai tambayoyin da ya kamata ya san amsarsu kafin ya sa hannu.

Inda layin dogo ya ƙare

Sunan unguwar daga jirgin ƙasa ya samo asali, domin kalmar a Turanci tana nufin tashar ƙarshe. Kuza ce ta jawo Turawan mulkin mallaka zuwa tsaunukan Filato, buƙatar fitar da ita kuma ta sa aka shimfiɗa siririn layin dogo daga Zariya, wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layi ya ƙaraso daga Kafanchan, sannan aka rufe ƙaramin a 1957. Duk inda jirgi ke sauke kaya da mutane, ciniki ba ya jiran izini. Fatake daga ƙasar Hausa, da ’yan kasuwa daga gabas da yammacin ƙasar nan, da manoman ƙauyukan Filato, duk a nan suka riƙa haɗuwa.

Tunanin gina kasuwa ta zamani a wurin ana danganta shi ga Joseph Gomwalk, gwamnan soja na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975. Aikin ya ratsa gwamnatoci da dama, har da ta farar hula ta Solomon Lar, kafin a kammala shi a 1985. Abin da aka samu gini ne rufaffe, mai hawa, mai dubban shaguna, da wuraren ajiye motoci da na sauke kaya. Shekara da shekaru ana yi mata kirari da cewa ita ce rufaffiyar kasuwa mafi girma a Afirka ta Yamma. Baƙo in ya zo Jos, kamar yadda za a kai shi gidan tarihi da gidan namun daji, haka za a kai shi kallon kasuwa.

Shekara 17 kacal ta yi tana ci. A watan Fabrairun 2002, wata biyar bayan rikicin Satumban 2001 da ya raba kan mazauna birnin, wuta ta tashi a cikinta da dare, ta ci har ta ƙoshi. Mutanen da suka kwanta da jari suka tashi da bashi. Waɗanda suka iya farfaɗowa suka bazu kan titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad da lungunan da ke kewaye, wasu suka koma Katako da sauran kasuwannin unguwanni. Cunkoson da hakan ya haifar ya zo da nasa bala’in: ranar 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu suka tashi a Taminus, aka rasa aƙalla rayuka 118, galibi masu saye da sayarwa a bakin titi. A Disamban wannan shekarar ma an sake kai wani harin a yankin.

Gwamnatin Joshua Dariye ce ta ga gobarar. Ta Jonah Jang ta karkata ga gina ƙananan kasuwanni a wajen tsakiyar gari. Ta Simon Lalong ta nemi masu zuba jari, ta kuma rushe wani sashe na kangon da nakiya a watan Mayun 2019. Ta Caleb Mutfwang, wadda ta hau a 2023, ta fitar da umarnin zartarwa a 2024 da ya hana kasa kaya a kan tituna, tana kuma nanata aniyarta ta sake gina kasuwar.

Abin da wuta ke yi wa kankare

Tambaya ta farko ta injiniya ce: a cikin abin da ya rage a tsaye, me za a iya amfani da shi, me kuma ya zama dole a kwantar?

Kankare ba ya ci da wuta, shi ya sa mutane ke ɗauka cewa ginin da bai faɗi ba lafiyarsa ƙalau. Lamarin ya wuce haka. Idan zafi ya kai kimanin digiri 300 a ma’aunin Salshiyas, kankare yakan fara sauya launi zuwa ja-ja, ƙarfinsa kuma ya fara raguwa sosai. Ruwan da ke maƙale a cikinsa yakan zama tururi, ya tsattsage fatar ginshiƙi, ya bar rodi tsirara. Shi kuwa rodi, idan ya kai wajen digiri 600, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi. Gobarar shagon da aka cika da atamfa da roba da katifa takan haura digiri 800 ba tare da wahala ba.

Bayan wuta sai ruwa. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, daminarta kuma doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba. Rodin da ya fito fili ya sha damina sama da 20. Tsatsa takan kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci, sai ta riƙa tura kankare daga ciki har ya dare. Ginshiƙin da ya tsira daga gobarar 2002 yana iya kasancewa ruwan sama ya gama da shi a hankali.

A da, hukunci kan irin wannan gini ya dogara ne ga ido da guduma da ƙwarewar injiniya. Yanzu akwai ma’aunai. Akwai ’yar na’urar da ake dannawa a jikin ginshiƙi ta buga shi ta auna taurinsa. Akwai wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji ya ratsa kankare. Idan ya yi jinkirin fita ta ɗaya gefen, akwai tsaga ko rami a ciki. Akwai mai gano inda rodi yake da kaurinsa ba tare da an fasa komai ba. Sannan akan huda a ciro gunduwar kankare mai siffar gwangwani, a kai ɗakin gwaji a matse ta har ta fashe, a ga nauyin da ta ɗauka. Da waɗannan ake raba ginshiƙai gida uku: na bari, na gyara, na rushewa. Waɗanda za su gyaru akan ƙara musu rigar sabon kankare, ko a naɗe su da wani ƙyalle na zaren kabon mai ƙarfin gaske da ake liƙawa da gam na musamman.

Wannan bincike kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin aikin, amma shi ke yanke hukunci kan biliyoyi. Harsashi da ginshiƙan ƙasa suna cin kaso mai tsoka na kuɗin kowane babban gini. Idan suna da lafiya, rushe su ɓarna ce. Idan ba su da ita, ɗora sabon bene a kansu ganganci ne. Mutanen Jos ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Busa-Buji ya rufta ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

A gina a kwamfuta kafin a gina a ƙasa

Sauyi na biyu ya shafi zane. An tsara tsohuwar kasuwar ne a kan takarda, mai zanen gini da nasa shafin, injiniyan ƙarfe da kankare da nasa, na lantarki da na famfo kowa da nasa. Sai an zo wurin aiki ake gane cewa bututun ruwa ya ci karo da ginshiƙi, a fasa, a karkata, ɗan kwangila kuma ya kawo takardar neman ƙarin kuɗi. Duk ma’aikacin da ya taɓa zama a sashen sayen kaya ko na binciken kuɗi ya san yadda irin wannan ƙari ke ninka farashin aiki.

Tsarin da ake kira BIM ya zo ne domin toshe wannan kafa. Ana gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, da tsawo da faɗi da tsayinsa, kowane ginshiƙi da ƙofa da waya da bututu ɗauke da bayanin girmansa da kayan da za a yi shi da su. Duk ƙwararrun a kan wannan siffa ɗaya suke aiki, manhaja kuma tana nuna duk inda abu biyu suka yi karo tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Daga cikinta ake ciro adadin rodi da bulo da kwano, don haka aringizo a lissafin kaya yakan yi wuyar ɓoyuwa. Birtaniya ta wajabta wannan tsari a ayyukan gwamnatin tsakiya tun 2016.

Ga wurin da ke da tsohon gini kamar Taminus, aikin yakan fara da ɗaukar siffar abin da ke ƙasa. Jirgi marar matuƙi yana shawagi ya ɗauki ɗaruruwan hotuna, na’urar hasken leza kuma tana auna miliyoyin ɗigo a jikin bango, a haɗa su a sami kangon sak a kwamfuta, da kowace tsaga da kowane karkata. Da majami’ar Notre-Dame ta birnin Paris ta ƙone a Afrilun 2019, wata ɗaya kafin a sa wa kasuwar Jos nakiya, irin wannan awo da wani masani mai suna Andrew Tallon ya yi shekaru kafin gobarar yana cikin abin da masu gyara suka dogara da shi. An sake buɗe ta a Disamban 2024. Ba a haɗa aljihun Faransa da na Filato, amma kayan awon kansu yanzu ba su fi ƙarfin jiha ba.

Akwai wani amfanin da ya fi shafar rai. A cikin wannan siffa ana iya kunna gobarar gwaji a shago ɗaya, a ga inda hayaƙi zai bi, a zuba dubban mutane na kwaikwayo a ga minti nawa za su yi kafin su fice, da ƙofar da za su cushe. Idan matakala ta yi ƙunci, a faɗaɗa ta da linzamin kwamfuta, maimakon a gane hakan ranar da ake ƙirga gawa.

Shi ma ginin yanzu ba dole ne a zuba shi duka a wurin ba. Shagunan kasuwa kamanninsu ɗaya, ana maimaita su ne sau dubbai, don haka sun dace da tsarin zuba ginshiƙai da faifan dakali a masana’anta, a kawo su da mota, ƙugiya ta ɗaga ta jera. Ingancin siminti ya fi sauƙin sa ido a rumfa ɗaya fiye da a kwanon leburori ɗari. Kuma ana iya gama sashe ɗaya a buɗe shi, ’yan kasuwa su shiga, aiki ya ci gaba a na gaba.

Wuta za ta sake tashi

Babu injiniyan kirki da zai yi alƙawarin kasuwar da ba za ta taɓa kamawa da wuta ba. Abin da ake tsarawa shi ne ta tsaya a inda ta tashi. Tarihin kasuwannin Arewa ya isa shaida: Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris ɗin wannan shekarar, Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Kusan labarin ɗaya ne. Wuta ta tashi da dare ko da asuba, babu wanda ya gani da wuri, motar kwana-kwana ta zo ta tarar an cike hanya da rumfuna, ruwanta ya ƙare, babu inda za ta ɗebi wani a kusa.

Matakin farko shi ne rarraba ginin. Rufi ɗaya da ya lulluɓe dubban shaguna abin sha’awa ne a hoto, amma hanya ce ga wuta da hayaƙi. Tsarin da ake bi yanzu shi ne a yanka kasuwa sashe-sashe, a raba su da bangon da zai jure wuta na awa biyu ko fiye, da ƙofofin ƙarfe masu rufe kansu, ko kuma a yi gine-gine dabam-dabam da tituna a tsakaninsu waɗanda motar kwana-kwana za ta bi ta juya. A saman rufi a bar kafofin da hayaƙi zai fita, domin a gobarar cikin gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Masu sayar da gas da fenti da turare da sinadarai a ware musu nasu wuri.

Na biyu, ruwa. Bututun yayyafi da ake jerawa a saman shaguna kowane bakinsa yana toshe ne da ’yar kwalba mai ruwa a ciki, wadda ke fashewa idan zafi ya kai kimanin digiri 68. ’Yan kasuwa da yawa na tsoron cewa da zarar ɗaya ya buɗe, ruwa zai jiƙa kayan kowa. A gaskiya bakin da ke saman wutar ne kaɗai ke buɗewa. Sai dai duk tsarin ba shi da amfani idan babu tankin da aka keɓe wa gobara shi kaɗai, wanda ba a taɓa shi don wanka ko wanke-wanke, da injin turo ruwa mai nasa makamashin, tunda abu na farko da ake yi idan gobara ta tashi shi ne yanke lantarki.

Na uku, ita lantarkin. Jone-jonen waya barkatai da ɗaruruwan ƙananan janareto, kowanne da galan ɗin fetur a gefensa, su ne abin da aka fi zargi a gobarar kasuwanni. A nan akwai misali na cikin gida. Daga 2018 Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta jagoranci shirin da ya kai wutar sola Kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda aka shimfiɗa faranti a kan rufi, aka ja sababbin wayoyi, kowane shago da mitarsa. Rufin kasuwa mai girman ta Taminus fili ne babba na tara hasken rana, kuma idan tun a zane aka yi lissafin nauyin faranti da ɗakin batir mai iska da kariya, ba sai an zo ana ƙari daga baya ba.

Amma na’ura ba ta kula da kanta. Sabuwar Kasuwar Kejetia ta Kumasi a Ghana, wadda wani kamfanin Brazil ya gina da shaguna sama da 8,000, tana cikin mafi zamani a yankin nan, duk da haka gobara ta ci wani sashenta a Maris ɗin 2023, ’yan shekaru kaɗan da buɗewa. Injin da ba a tayar da shi ana gwadawa, da tankin da aka bari ya bushe, da ƙofar gudun tsira da aka mayar shago, duk daidai suke da babu. Kuɗin kula da gini na shekara-shekara ya kamata ya fito a takarda ɗaya da kuɗin gina shi.

Darasi daga maƙwabta

Ba Jos kaɗai ta taɓa rasa babbar kasuwarta ba. Ta Yamai ta ƙone a 1982, aka sake buɗe ta a 1987. Rood Woko ta Wagadugu ta ƙone a 2003, ta dawo a 2009. Ƙasashen nan biyu ba su kai Najeriya arziki ba.

Akwai kuma abin koyi a kayan aikin. A Koudougou ta Burkina Faso an gina kasuwa mai shaguna sama da 1,000 da tubalin jar ƙasa da aka ɗan haɗa da siminti aka matse da inji, rufin kuma aka yi shi da baka da tulluwa, ba tare da dogaro da katako ba. Kafin a fara, sai da aka gina shago ɗaya na gwaji, ’yan kasuwa suka shiga suka faɗi gyaransu. Aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2007. A Dandaji, wani garin Hausawa a Jamhuriyar Nijar, mai zanen gini Mariam Issoufou Kamara ta tsara kasuwa a 2018 da irin wannan tubali, ta yi mata inuwa da faya-fayan ƙarfe masu launi da aka jera sama da ƙasa domin iska ta riƙa ratsawa. A nan gida, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wato NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinan matse irin wannan tubali.

Jos ma tana da makarantar wannan fanni a cikin gida. Ba nisa da Taminus, kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, akwai filin adana gine-ginen gargajiya da masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafawa, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma’a na Zariya, aikin Babban Gwani. Wanda ya shiga ƙarƙashin waɗannan bakuna zai ga yadda magina suka rufe ɗaki mai faɗi da ƙasa da azara. Zai kuma ga abin da ruwan Jos ya yi wa wasunsu. Ginin ƙasa a Filato sai da rufi mai zurfin baki da harsashin dutse, dutse kuwa ba a sayensa da tsada a Jos. Ba wanda zai ce a yi bene mai hawa uku da tubali zalla, amma a bangon da ke raba shaguna da rumfunan masu kayan gwari yana iya rage kuɗin siminti, ya kuma ba matasan gari aikin yi.

Kuɗi da amana

Duk wannan fasaha ba ita ta tsayar da Taminus ba. A 2022 gwamnatin Lalong ta sanar da shirin haɗa hannu da Bankin Jaiz a sake gina kasuwar kan kuɗi kimanin Naira biliyan 9.4, shaguna sama da 4,000, kashi 60 na ɓangaren masu zuba kuɗi, kashi 40 na jiha, na tsawon shekara 40. Gwamnati ta ce ita ce hanyar da ta samu ba tare da ta ci bashi ba. Masu adawa suka ce wa’adin ya yi tsawo, ba a tuntuɓi jama’a yadda ya kamata ba, wasu kuma suka nuna fargabar cewa rabon shaguna zai fifita wani ɓangare. Magana ta ɗauki launin addini da ƙabila, ta kai gaban kotu, wa’adin gwamnatin ya ƙare ba a aza bulo ba.

Irin wannan kuɗi marar ruwa ba baƙo ba ne a ayyukan gwamnati. Tun 2017 Gwamnatin Tarayya ke gina tituna da Sukuk a duk shiyyoyin ƙasar nan. Abin da ya yi ƙaranci a Jos shi ne yarda. A birnin da unguwanni da kasuwanni suka rabu bayan rikice-rikice, tambayar wa zai sami shago ta fi tambayar wa zai kawo kuɗi nauyi. Tsofaffin masu shaguna na 2002, waɗanda da yawa sun rasu sun bar magada, suna ganin su ne a gaba. Waɗanda suka shekara 20 suna kasa kaya a rana suna ganin su suka raya wurin. Mai zuba jari kuma yana son wanda zai iya biya.

A nan ma akwai abin da kayan zamani za su iya, ko da yake kaɗan ne. Rajistar ’yan kasuwa da aka haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka wallafa kowa ya gani kafin a fara gini, takan rage sunayen bogi. Taswirar da ke nuna kowane shago da lambarsa da farashinsa da sunan wanda aka ba, a buɗe a intanet, takan sa ya yi wuya babban mutum ya kwashi layi guda da sunan ’ya’yansa. Akwai kuma batun girman shago. Idan aka zana kasuwa da manyan shaguna zalla, mai tiren tumatir da mai ɗaurin gwanjo ɗaya za su koma bakin titi, a sake komawa gidan jiya. Mai zane ne ke yanke wannan hukunci da alƙalaminsa, tun kafin a kafa kwamitin rabo.

Hannun Abuja

Kasuwar ta jiha ce, kuma tun 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A Jos wannan aiki yana hannun Hukumar Raya Birnin Jos. Amma igiyoyi da dama suna Abuja. Kundin Ƙa’idojin Gini na Ƙasa ya fito tun 2006, sai dai ba ya cizo sai inda jiha ta mayar da shi doka. Hukumomin COREN da ARCON da CORBON, masu rajistar injiniyoyi da masu zanen gini da magina, na tarayya ne, su ke da ikon hukunta ƙwararren da ya sa hannu a kan aikin banza. Tun 2003 dokar inshora ta wajabta inshorar gine-ginen da jama’a ke shiga, amma bayan kowace gobara abin da ake gani shi ne ’yan kasuwa na jiran tallafin gwamnati da na hukumar agajin gaggawa. Hukumar kashe gobara ta tarayya, da ta jiragen ƙasa mai filaye a unguwar, da ta lantarkin karkara, kowacce tana da abin cewa.

Kuma abin da ya sami Taminus bai tsaya a Filato ba. Ma’aikacin da ke sayayya a Wuse ko Garki ko Utako zai iya duba da idonsa a ƙarshen mako: ina famfon kashe gobara mafi kusa, akwai ruwa a cikinsa, motar kwana-kwana za ta iya shiga layin da yake tsaye?

Ko ba daɗe ko ba jima za a sake kiran taron aza harsashi a Taminus, da rumfa da makaɗa da babban allo mai hoton kasuwar da ake mafarki. Hoton ba zai faɗi komai ba. Takardu uku ne za su nuna ko wannan karon da gaske ake: rahoton gwajin tsohon kankare mai ɗauke da sa hannu da hatimin injiniya, jerin sunayen waɗanda za a ba shaguna da ƙa’idar da aka bi, da kasafin kula da famfo da waya da injin ruwa na shekarun da za su biyo bayan yanke ƙyalle. Har zuwa ranar da za a ga waɗannan, ’yan gwanjon da suka sake kafa rumfunansu a kan tokar gobarar 2025 za su ci gaba da rufe shago kowace yamma, su tafi gida suna addu’ar Allah Ya kai su safiya lafiya.